Baba da Baƙon Ɗakin Baya

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Baba ya riga mu tafiya da hantsi, yana zaune a kan buzunsa a zaure, bayan ya sha koko ya kuma yi ƙorafin an cika masa ruwa. Ya tsufa, ba za mu ce an yi mana ƙwace ba. Amma tsufan uba ba ya rage wa 'ya zafin rashinsa, kuma ni da nake autarsa, har yau in na taso daga gidan aurena a Dassasgho na shigo Zango, unguwarmu ta Hausawa a Wagadugu, sai in ji ƙafata ta yi nauyi tun daga bakin layi.

Jama'a sun zo. Dillalan shanu sun zo daga kasuwar Tanghin, mahauta sun zo, direbobin manyan motoci 'yan Nijar sun ajiye motocinsu sun zo. Maƙwabtanmu Mosawa sun kawo gero da itace. Abokan aikin Yaya, babban wanmu, sun zo da takalmansu masu sheƙi suna neman inda za su ajiye su. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Sai dai ni na gaji idon Baba, ba na kallon bakin mutum kaɗai. Duk wanda ya ce mana “ya haƙuri”, kafin ya rufe baki idonsa ya zame ya tafi ƙofar ɗakin baya. Wasu sun yi gaisuwa daga tsaye, aka miƙa musu ruwa suka ce sun gode. Wata ƙawar Inna ta jawo ni gefe kamar za ta faɗa mini wani alherin mamaci, sai na ji ta ce, “Har yanzu suna nan?”

Suna nan. Wani dattijo ne Bafillace daga arewa, shi da matarsa, baƙin Baba. Ɗansu ya shiga daji ya bi 'yan ta'adda, kuma ba wanda bai san haka ba a Zango. Muddin Baba yana numfashi ba mai iya taɓa su. Ranar da aka binne shi, tun ƙasar kabari ba ta bushe a hannun mutane ba, dattawan unguwa suka keɓe Yaya suka tuna masa cewa yanzu shi ne maigida. Yaya ya ba su magana: da an yi sadakar bakwai baƙi za su kama hanya. Wace hanya kuwa? Rugarsu ta zama kufai. Tsoho irinsa, mai ɗa a daji, ba shi da mai tsaya masa, kowa ya san da wuya ya wuce shingen bincike na farko.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Na ji an fara taƙaita Baba a kalma guda, wai tsohon da ya ɓoye uban ɗan ta'adda. Masu sonsa kuma suna cewa tausayi ne ya yi masa yawa, mutum ne mai yarda da kowa. Duka biyun ba su san shi ba. Ni ban taɓa ganin mutum marar yarda da mutane kamar ubana ba.

Baba fatoma ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Masu kawo shanu daga arewa a gidanmu suke sauka, ya ba su ɗaki da abinci, ya raka su kasuwa, ya tsaya musu a kan cewa dabbar da suka kawo tasu ce. In ta fito ta sata, wuyan fatoma ake kamawa. Saboda haka sana'arsa tambaya ce. Baƙo zai sauka, a ba shi zomkom, ruwan garin gero mai sanyi, ya sha, a yi masa maraba kamar ɗan uwa, sannan Baba ya fara. Saniyar nan a ina aka haife ta? Wace rijiya take sha? Wa ya tsaga mata kunne? Gobe yana cikin cin tuwo, baki cike, Baba zai sake jefo tambayar ta wata fuska, ya ga ko amsar za ta canza. In an je kasuwa sai ya ja baya ya ce wa mai shanun ya kira ta. Saniyar Bafillace ta san muryar mai ita. In ta ɗago kai, an gama magana. In ta ci gaba da tuƙa, Baba ba ya ihun ɓarawo, sai ya ce a koma gida akwai sauran hira.

Wannan hali bai tsaya a kan shanu ba. Rediyo in ta faɗi labari sai ya tambaye ta wa ya gaya mata. Likita ya rubuta masa magani, sai ya nemi sanin abin da ya kawo ciwon tukuna. Mijina da ya zo neman aurena, Baba ya bi asalinsa har kakan kakansa, sai da bawan Allah ya ce da ni da ya san haka ne da ya nemi aikin jandarma, tambayoyinsu sun fi sauƙi. Karin maganarsa guda ce, mun ji ta har mun gaji: ruwa ba ya tsami banza. Allah Ya sa tambayar kabari ta zo masa da sauƙi, shi da bai taɓa sauƙaƙa wa kowa tasa ba.

Da masifar nan ta sauko ƙasarmu, shanun arewa suka fara raguwa, ɗakunan baƙi suka zama wurin ajiyar tarkace. Aka kai hari har cikin Wagadugu. Daga nan zama ya canza mana. Mu Hausawan Zango, a nan aka haife mu, muna jin Mosanci kamar kowa, amma sai ka shiga tasi ka amsa waya da Hausa ka ji motar ta yi tsit. Mai gemu ya fara rage gemunsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu da ake zargi, mu muka fi kowa saurin zargin wani. Kowa yana neman wanda zai nuna da yatsa don a ga nasa hannun a wanke yake.

Cikin haka aka kashe ɗan maƙwabcinmu na jikin katanga. Direba ne, ya ɗauki kayan abinci zuwa arewa, motarsa ta taka nakiyar da aka binne a hanya. Yaro ne mai fara'a, ya bar mata da ciki. Baba yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka bai san zafin abin ba.

Ba a daɗe ba sai ga dattijon nan a ƙofar gida, ba saniya ko ɗaya, sai tabarma da buta da matarsa a baya. Tsohon baƙonmu ne, mahaifinsa ma a wurin kakanmu yake sauka. Aka ba su zomkom. Baba ya dube shi ya tambayi ɗansa, wanda ya saba koro masa shanu. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce ya shiga daji. Da ya so, da ya ce ya mutu, ko ya tafi ci-rani, ba mai ƙaryata shi. Inna ta ce ta ga fuskar Baba ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Bai rungume shi ba, bai kuma kore shi ba. Ya ce a share musu ɗakin baya.

Sai tambaya ta tashi. Kullum bayan la'asar Baba zai kira shi zaure, ya sa shi ya faro labarin daga tushe. Ya sa Inna ta riƙa jan matar da hira a madafa, in sun kaɗaita ya gwada abin da ta ji da abin da ya ji. Ya je Tanghin ya nemo dillalan da suka san yankin ya ji ta bakinsu. Tsohon ya sha wuya a hannunsa, har wata rana na tarar da shi yana share hawaye da gefen rawani. Na ce wa Baba ai wannan ya zama cin mutuncin baƙo. Ya ce in koma wurin kekena na ɗinki, shi bai taɓa koya mini yanka atamfa ba.

A lokacin kowa yana da amsarsa a aljihu kan abin da ya kai ɗan tsohon daji. Yaya, da ya yi lakwal, wato boko, har ƙarshe, ya ce jahilci ne. Liman ya ce rashin sanin addini ne. A rediyo ana ta cewa talauci. Maƙwabcinmu ya ce jininsu ne kawai. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba haƙoran saniya. Yaron ba matalauci ba ne, garken ubansa ya fi na kowa a rugarsu. Ba jahili ba ne, ya sauke Alƙur'ani. In kuwa jini ne, to ga ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana dako a tashar wani gari, bai bi kowa ba.

Abin da ya tono ya fi haka tsawo. An nome burtalin da shanunsu ke bi zuwa ruwa. Suka kai ƙara, aka yi ta juya su. Aka kama shanun a gona, aka ɗaure uban a gindin bishiya aka doke shi a gaban 'ya'yansa. Mutanen daji suka fara zuwa masallacin rugar suna cewa su za su yi hukuncin da hukuma ta kasa. Yaron ya saurara, amma bai tafi ba. Sai aka kai hari wani ƙauye kusa da su, 'yan bangar ƙauyen suka zo ramuwa a kan rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, suka ƙone bukkoki, suka kashe babban wansa. Bayan an binne shi yaron ya ɗauki sandarsa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Yaya ya saurari wannan duka yana kaɗa makullin motarsa. Da Baba ya gama sai ya ce, “To Baba, yanzu kana nufin yana da gaskiya? C'est grave fa, abin babba ne. Aikina kake so in rasa, ko a zo a kwashe mu duka?”

Baba ya ce, “Ban ce yana da gaskiya ba. Ƙanensa ma ya ga abin da ya gani, bai ɗauki bindiga ba, ka ga akwai rabon laifin da yake nasa shi kaɗai, kuma zai amsa shi a gaban Allah. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku duk ƙadangaren kuke kallo.”

Suka yi ta yi har Yaya ya daina cin abincin rana a gida. Maganar ta fita, don a Zango katanga ma kunne gare ta. Aka daina aiko mana da tuwon suna. Yara suka daina wasa a ƙofarmu. Ranar wata Juma'a, bayan an sallame, maƙwabcinmu ya tare Baba a ƙofar masallaci a gaban jama'a. Mijina yana wurin, shi ya kawo mini yadda aka yi.

“Alhaji, ɗana yana ƙarƙashin ƙasa, kai kana ciyar da uban wanda ya kashe shi.”

Baba ya dube shi. Sannan ya ce, “Ban san wanda ya binne abin da ya kashe ɗanka ba. In ɗansa ne, Allah Ya isa, da bakina nake faɗa. Amma ka gaya mini, in na kori tsohon nan yau, gobe hanyar arewa za ta buɗe? In za ta buɗe, ni da kaina zan jefar da tabarmarsa a titi. Ɗan tsohon nan a zaurena ya ci tuwo, ya ɗauke mini buta. Ba da bindiga aka haife shi ba. Ina son in san yadda aka yi ya zama abin da ya zama, don mu ma muna da yara a layin nan.”

Maƙwabcin ya ce wannan zancen wanda bai binne ɗa ba ne, ya juya ya tafi. Daga ranar bai sake yi wa Baba magana ba. Ban ga laifinsa ba, kuma Baba ma bai gani ba. Ya hana mu ko da wasa mu ambace shi da mugun baki.

Sai da Baba ya gamsu cewa tsohon ba ya aika wa ɗansa komai, ba ya karɓar komai daga gare shi, sannan ya yanke abin da zai yi. Da safe ya sa babbar rigarsa, ya kama hannun baƙonsa, suka bi tsakiyar layi kowa yana kallo, suka tafi wurin jandarmomi. Shi da bakinsa ya faɗa musu komai, har zancen ɗan, ya ce ga mutumin, ga gidan da yake, ga kuma wuyan da za a kama in an same shi da wani abu. Suka wuni a can. Inna ta wuni a kan dardumar salla. Da yamma suka dawo tare, Baba yana faɗan ba a iya tambaya ba a wurin, shi da an ba shi kujerar da ya fi su. To wannan shi ne ɓoyon da ake cewa ya yi.

Bayan haka Baba ya ɗauki wata ɗabi'a da ta ba mu dariya da farko. Tsoho da sandarsa ya koma zama a majalisar shayin samarin layinmu, waɗanda suka gama karatu ba aiki. Suka ɗauka leƙen asiri yake, in ya zo sai su koma zancen ƙwallo. Shi kuwa tambayarsa bai sake ta ba: wa ya wulaƙanta ka, wa ka gaya wa, me ya ce? Wani da aka mara a shingen bincike saboda sunansa, Baba ya raka shi har wurin mai unguwa, ya zauna sai da aka saurare shi. Wasu ya kai su Tanghin ya haɗa su da dillalai. Ba zan ce ya hana wani abu faruwa ba, don ban sani ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Ya dai ce yaron da ya rasa inda zai kai kukansa, duk wanda ya fara sauraronsa shi ne ubangidansa.

Yanzu in dawo zaman makoki. Ana gobe sadakar bakwai, mata sun cika tsakar gida ana gyaran shinkafa. Baƙin sun riga sun ɗaure kayansu, ƙulli ɗaya ne dama. Matar tsohon tana can gefe da faifai tana tsince tsakuwa. Sai wani bidiyo ya shigo wayar wata, na 'yan ta'addan da sojoji suka kashe a daji, gawawwaki a kwance kusa da babura. Wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu, ana Allah Ya ƙara. Har ta isa hannun matar tsohon. Har gobe ina zargin da gangan aka miƙa mata, kuma na san wadda ta miƙa.

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ta mayar da wayar da hannu biyu, ta ce Allah Ya kawo sauƙi, ta ɗauki faifanta ta zagaya bayan ɗaki. Na bi ta. Na same ta a durƙushe ta cusa gefen zane a baki don kada sauti ya fita. Ba sai na tambaya ba, ɗanta ta gani a cikin gawawwakin. A gidan da ake kukan mutuwa a fili, ita nata kukan laifi ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma wa za ta gaya wa haka a ranar?

Ta shiga ta gaya wa mijinta. Ban ji ko tari daga ɗakin ba. Na je na faɗa wa Inna a ɗakin takabarta, ta sa aka kira Yaya. Ta ce masa an yi rasuwa ta biyu a gidan nan, kuma shi ne maigida. Yaya ya ce, “Inna, ɗan ta'adda ne. Ba a yi wa irinsu zaman makoki. Kin san mutum nawa ya kashe?”

“Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba,” in ji Inna. “Ban ce ka yi wa gawa salla ba. Zancen masu rai nake maka.”

Yaya ya fita. Na san wana, matsoraci ne a kan abin da mutane za su ce, kuma a wannan karon tsoronsa yana da dalili. Na kwana da sanin cewa gobe za su tafi.

Da safe tabarmi suka cika. Dattawan unguwa suna gaba, maƙwabcinmu yana cikinsu, don duk da gabar da ke tsakani bai fasa zuwa ko rana ɗaya ba. Ina tsaye a bakin ƙofar cikin gida ina leƙe. Kafin a fara addu'a sai tsohon ya fito da ƙullinsa, matarsa a baya, ya zo yin sallama kamar yadda baƙo ke yi wa fatomansa. Ya durƙusa a gaban Yaya, ya yi godiya, ya ce a yafe musu ɗawainiya. Har na ga wasu sun fara sakin fuska.

Yaya ya tashi daga inda yake. Ya durƙusa shi ma, ya kama hannun tsohon, ya ce da muryar da kowa ya ji, “Baffa, mun ji abin da ya faru. Ya haƙurin ɗanka?”

Tsohon ya ɗago kai. Ya ce, “Haƙuri ya zama dole. Na ɗauka zan mutu ba wanda ya gaishe ni da shi.”

Yaya ya ce mai zaman makoki ba ya tafiya, ya karɓi ƙullin ya miƙo mini in mayar ɗaki. Maƙwabcinmu ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Wasu suka bi shi, har tabarmin bakin titi suka zama wayam. Abokan aikin Yaya suka riƙa duba agogo. Shinkafar da muka dafa ranar, rabinta sai bayarwa aka yi, kuma har yau akwai gidajen da ba sa amsa mana sallama da kyau.

Liman ya dubi waɗanda suka rage, ya ɗaga hannu. Allah Ya jiƙan bawanSa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata masa makwanci. Tsohon yana zaune a cikin sahu, hawaye na bin gemunsa, yana cewa amin, amin. Ba wanda ya tambaye shi wa yake nufi.